Wa Ya Tsaya Wa Fasinjan Sararin Samaniya?

Yau ina so mu tattauna a kan wani irin ciniki wanda da kakanninmu sun ji labarinsa da sai su ce tatsuniya ce, watau sayar wa mutum tikitin zuwa sararin samaniya, ya je ya buɗe ido ya komo. Ciniki ne sosai, gama akwai mai kaya, akwai mai saye, akwai farashi. Abin da na ke so mu bincika shi ne, sa'ad da mutum ya biya kuɗin nan, ya shiga, aka ɗaure shi a kujera, aka rufe ƙofa, bayan Allah da me ya dogara? Ni a ganina da suna ya dogara, sunan mai kamfanin. Ina kuwa shakka ko suna, kome girmansa, ya isa ɗaukar wannan kaya.

Mutumin da ya fi kowa tallan cinikin nan shi ne wani attajiri na nan Ingila, Sir Richard Branson. An haife shi cikin 1950. Ya bar makaranta tun yana saurayi, ya fara buga wata mujalla ta ɗalibai, daga nan ya shiga sayar da faifan garmaho, da fari ta gidan waya, daga baya ya buɗe kanti a Landan. Ya raɗa wa kasuwancinsa suna Virgin. Cikin 1984 ya yi hayar jirgin sama guda ɗaya tak, ya fara jigilar fasinja tsakanin Ingila da Amurka, yana gogayya da kamfanonin da suka girme shi nesa ba kusa ba. Kafin a ce haka sunan nan ya hau jikin jirgin ƙasa, da wayar hannu, da banki, da gidajen motsa jiki. Waɗanda suka yi zirga-zirga a Nijeriya wajen 2005 za su tuna da Virgin Nigeria, wanda bai yi tsawon rai ba. Da yawa daga cikin kamfanonin nan ma ba nasa ba ne duka, waɗansu ne ke da su, suna biyan kuɗi don a bar su su liƙa sunan. Watau sunan da kansa haja ce.

Yadda ya gina sunan kuwa abin lura ne. Cikin 1985 ya shiga wani jirgin ruwa mai tsananin gudu zai ƙetare tekun Atlantika, saura kaɗan su iso Ingila jirgin ya nutse, aka tsamo su. Da shekara ta kewayo ya sake gwadawa, ya ci. Cikin 1987 shi da wani mutumin Suwidin, Per Lindstrand, suka ƙetare tekun nan cikin wani ƙaton balan-balan mai tashi da iska mai zafi, daga ƙarshe sai da suka yi tsalle suka faɗa ruwa aka zo aka cece su. Ko wace tafiya hotonsa na cikin jaridu, sunan kamfani kuwa ga shi ɓaro-ɓaro a jikin abin hawan. Har jama'a suka san shi da cewa mutum ne mai kasada, amma kullum ya kan fita.

To, ni ba na raina suna. Duk wanda ya tashi a zango, ko na Kumasi ko na wani gari, ya san aikin da suna ke yi a kasuwa. Baƙo ya kan koro shanu daga arewa ya sauka wurin mai gida, mahauta su kwashi shanun bashi, ba takarda ba sa hannu, sai lamunin mai gidan kaɗai. Me ya sa baƙon ya yarda? Don ya san in aka ci amanarsa sau ɗaya labari zai bazu, baƙi su daina sauka gidan nan, kasuwar mai gida ta mutu. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Amma ku lura, mai gidan nan ya san mahautan ɗaya bayan ɗaya, ya yi shekara da shekaru yana ganin mai biya da mai cinyewa. Sa'an nan in an yi hasara, dukiya ce, ana iya ramawa. Haka cinikin Branson na da ya ke. Cikin 1994 ya fito da lemon kwalba, Virgin Cola, ya ja daga da Coca-Cola. Mutane suka ɗanɗana, ba su koma ba, cinikin ya mutu, ba wanda ya yi ko ciwon kai.

Ko a wurin hatsari ma an ga amfanin sunansa. Cikin Fabrairu 2007 wani jirgin ƙasa na Virgin ya kauce daga kan dogo a arewacin Ingila, wata tsohuwa ta rasu, da dama suka ji rauni. Branson ya katse hutunsa ya zo wurin da kansa, ya gai da marasa lafiya, ya yaba wa direban. Bincike ya nuna laifin daga wurin canjin dogo ya ke, wanda wani kamfani dabam ke kula da shi. Mutane suka ƙara ganin girmansa, ban kuwa ga laifinsu ba. Sai dai lafiyar mai shiga jirgin ƙasa a Ingila ba a wuyan Branson ta rataya ba. Akwai sufetocin gwamnati, akwai dokokin da aka yi ta tarawa tun zamanin Sarauniya Biktoriya, galibinsu kuwa bayan wani hatsari aka rubuta su.

Labarin sama ya soma ne cikin 2004. An sa kyautar dala miliyan 10 ga duk wanda ya ƙera abin hawa, ba da kuɗin gwamnati ba, ya kai mutum nisan kilomita 100 sama ya komo da shi, ya kuma maimaita cikin mako biyu. Wani gwanin ƙera jirage na Amurka, Burt Rutan, da kamfaninsa Scaled Composites, su suka ci kyautar ran 4 ga Oktoba, da wani ɗan kumbo mai suna SpaceShipOne, a filin jirgin Mojave cikin hamadar Kalifoniya. Ana gab da haka Branson ya sayi izinin amfani da dabarar, ya kafa Virgin Galactic, ya ce nan da shekara uku za a fara kai fasinja. Aka sa tikiti dala 200,000, daga baya aka mai da shi 250,000. Mutane ɗari-ɗari suka ba da kafin alƙalami, har da 'yan wasan sinima da mawaƙa. Jihar New Mexico ta kashe fiye da dala miliyan 200 ta gina filin tashi a tsakiyar daji. Masu biyan farko ba ɗayansu da ya ga kumbon da zai ɗauke shi, gama ba a ƙera shi ba tukuna. Sunan suka saya.

Bari in ɗan bayyana yadda abin ke aiki, don sai an san shi za a gane inda hatsarin ya ke. Akwai wani babban jirgi mai gangar jiki biyu, shi ke rungumo kumbon a ƙarƙashin fiffikensa, kamar shaho ya suro ɗan tsako, ya hau da shi har wajen ƙafa 45,000, sa'an nan ya sake shi. Kumbon ya ɗan faɗo, matuƙi ya kunna roka. Makamashin rokan wani abu ne mai kama da roba, ana hura masa irin iskar nan da likitan haƙori ke shaƙa wa mutum don kada ya ji zafi. Wutar minti ɗaya kurum ta kan ci, amma cikin mintin nan kumbon ya kan miƙe tsaye, gudunsa ya ninka gudun sauti sau uku, watau wajen mil 2,000 a awa. Da wuta ta mutu sai ya ci gaba da hawa da ƙarfin da ya tara, kamar dutsen da aka harba da majajjawa, har ya kai mil 50 da 'yan kai, kana ya juyo. Nisan nan kuwa, alhazai, bai fi tsakanin Jidda da Makka da wani abin kirki ba, bambancin dai wannan a tsaye ya ke. A nan ne fasinja ke kwance ɗamara su yi ta shawagi cikin ɗakin minti uku ko huɗu. Ba wai ƙasa ta daina jan su ba ne. Ku sa tsakuwa cikin gwangwani ku cilla sama. Muddin yana tafe cikin iska, da gwangwani da tsakuwa tare su ke hawa, tare su ke faɗowa, tsakuwar ba ta danne gindin gwangwanin. Asirin ke nan.

Kada a haɗa wannan da tafiyar 'yan sama jannati masu kewaya duniya. Mai kewaya duniya sai ya yi gudun mil 17,500 a awa, ƙarfin da a ke bukata kuwa ya ninka na wannan fiye da sau talatin. Wannan leƙe ne kawai a dawo.

Babbar dabarar Rutan a wurin dawowar ta ke. Abin da ya faɗo daga can, in bai shigo cikin iska da fuskar da ta dace ba, sai ya yi ta wulwulawa har ya karye. Saboda haka ya yi wa kumbon wutsiya biyu masu lanƙwasuwa. In an kai can sama sai a ɗaga su bisa, kamar kunama ta ɗaga ƙari, iska da kanta ta daidaita kumbon ya faɗo da cikinsa, ta kuma rage masa gudu. In ya yi ƙasa-ƙasa sai a mai da wutsiyar wurinta, ya lulo ya sauka a fili ba inji. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma ta wurinta ajali ya shigo.

Ran 31 ga Oktoba 2014 aka fita gwada kumbo na biyu, SpaceShipTwo, wanda a ke shirin ɗaukar fasinja da shi. Matuƙa biyu ne a ciki, dukansu ma'aikatan Scaled Composites, Peter Siebold da mataimakinsa Michael Alsbury. Wutsiyar nan tana da sakata. Ƙa'ida ita ce ba a zare sakatar sai gudu ya kai ninki 1.4 na gudun sauti, domin a daidai lokacin da abu ke ƙetare gudun sauti iska ta kan yi masa wani mugun matsi, ta tura wutsiyar sama. Amma kuma in gudu ya kai 1.8 ba a zare ba, tilas a kashe roka a fasa tafiyar. Tsakanin biyun 'yan daƙiƙoƙi ne. Ga Alsbury da ayyuka jere waɗanda zai yi da ka, ga jijjiga, ga nauyi ya danne shi a kujera, rabonsa da tashi da roka kuma shekara ɗaya da rabi. Sai ya zare sakatar tun gudu bai kai na sauti ba. Iska ta ɗaga wutsiyar da kanta, kumbon ya tarwatse, daƙiƙa 13 bayan an sake shi. Alsbury ya rasu yana da shekara 39. Shi kuwa Siebold sai ya tsinci kansa a sarari, ɗaure da kujerarsa, wajen mil 9 daga ƙasa, inda sanyi ya wuce na ƙanƙara nesa, iska kuma ba ta isa riƙe hankalin mutum ba. Ya kwance ɗamara, laimarsa ta buɗe da kanta, ya sauka da munanan raunuka amma da ransa. Kwana ne bai ƙare ba.

Da fari mutane suka ɗora wa rokan laifi, don a ran nan an canja masa makamashi. Ashe ba shi ba ne. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka ta ba da sakamakonta cikin Yuli 2015. Ta yarda Alsbury ya yi kuskure, amma ba a kansa ta ɗora nauyin ba. Cewa ta yi maƙeran sun san in an zare sakatar da wuri kumbon zai halaka, duk da haka ba su sa wani abin da zai hana hannu zare ta ba, sun ɗauka ƙwararren matuƙi ba zai taɓa yin haka ba. Kamar a bar rijiya ba murfi a tsakar gida ne, a ce ai kowa ya san da ita. Hukumar ta kuma zargi ma'aikatar kula da jiragen sama ta Amurka, wadda ta ɗauke wa kamfanin wajibcin yin cikakken lissafi a kan kuskuren ɗan Adam. Bayan wannan Virgin Galactic ta karɓi aikin ƙira da gwaji a hannunta, ta sa wa sabon kumbon abin da ke hana zare sakatar kafin lokaci. Murfin rijiyar ya samu, bayan ta ci mutum.

Wannan ya kan tuna mini da labarin jirgin Comet, wanda ya kamata duk mai sha'awar wannan magana ya sani. A bayan yaƙin duniya na biyu da wuya a sami maƙerin jirage a Ingila mai sunan da ya kai na de Havilland. Su suka ƙera jirgin fasinja na farko mai injin jet, ya fara aiki cikin 1952 tsakanin Landan da Johannesburg, duk ƙasa na alfahari da shi. Cikin Janairu 1954 ɗaya ya tashi daga Roma, ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba, mutum 35 suka halaka. Aka tsai da jiragen, aka yi 'yan gyare-gyare ba tare da an gano ainihin cutar ba, aka mai da su aiki cikin Maris, gama ko wace ranar zama hasarar kuɗi ce da ta suna. Ran 8 ga Afrilu wani ya sake tashi daga Roma, shi ma ya tarwatse, mutum 21 suka tafi. Sa'an nan fa aka zauna. Masana a Farnborough suka gina wani ƙaton tanki, suka tsoma gangar jikin Comet sukutum a ciki, suna ɗura mata ruwa suna ragewa, suna kwaikwayon matsin da ta kan sha a ko wane hawa da sauka. Da lissafi ya kai kamar tafiya 3,000 sai ta tsage daga kusurwar wata taga. Ƙarfe ne ya gaji, kamar yadda waya ke katsewa in an yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Aka buga sakamakon a fili, duk maƙeran duniya suka karanta, har da abokan gogayyarsu na Amurka waɗanda suka ƙwace kasuwar daga baya. Da irin wannan tone-tone, shekara bayan shekara, aka kai ga inda mu ke yau, inda hatsarin da ke kashe mutane bai kai ɗaya cikin tafiya miliyan ba a jiragen fasinja.

To, fasinjan sararin samaniya fa, wa ya tsaya masa? A ƙarshen 2004 majalisar dokokin Amurka ta yi doka ta hana ma'aikatar jiragen sama kafa ƙa'idodin kare lafiyarsa har shekara takwas, sai fa in wani mummunan hatsari ya auku, wai a bar jaririn ciniki ya yi ƙwari tukuna. Wa'adi ya cika aka ƙara, ya sake cika aka sake ƙarawa, cikin 2024 aka kai shi farkon 2028. Lasisin da ma'aikatar ke bayarwa na kare mutanen da ke ƙasa ne da sauran jiragen da ke wucewa. Shi na ciki takarda a ke miƙa masa, an rubuta cewa gwamnati ba ta tabbatar da lafiyar abin hawan nan ba, an lissafa masa hatsarorin da aka sani, ya sa hannu cewa ya ji ya gani. Daidai gurbin da sufeto ya kamata ya tsaya, nan sunan attajiri ya ke tsaye.

Wani zai ce ai an nuna masa tarihin tafiye-tafiyen kumbon. Lalle an nuna, amma nawa ne? Kumbon da ya gaji wanda ya tarwatse, mai suna Unity, sau 12 ya kai sararin samaniya daga 2018 zuwa 2024, ya kuwa komo lafiya duka. Madalla. Sai dai kumbon gwamnatin Amurka mai fiffike ya yi tafiya 24 lafiya lau, a ta 25, cikin Janairu 1986, Challenger ya fashe da mutum bakwai, har da wata malamar makaranta da aka ɗauka don a nuna wa duniya cewa tafiyar ta zama ta kowa. Wani shahararren masani da ke cikin kwamitin bincike, Richard Feynman, ya tarar manyan ma'aikatar suna ƙiyasin hatsari ɗaya cikin tafiya 100,000, alhali waɗansu injiniyoyinsu na cewa ɗaya cikin 100. Aka gyara, aka yi tafiya 87 a jere ba kome, sai Columbia ya tarwatse cikin Fabrairu 2003, da waɗansu bakwai. Jimla, biyu cikin 135. Ku dubi na wa ya fi kusa da gaskiya, na manya ko na masu riƙe da sifana. Tafiya 12 ba ta isa a gina lissafi a kanta ba, ko da mai kayan waliyyi ne.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, watau suna ba ya tsaya wurin lamuni kaɗai, shi ma yana da cikin da sai an ciyar. Cikin Yuni 2021 Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, ya ba da sanarwa zai hau rokan kamfaninsa, Blue Origin, ran 20 ga Yuli. Da ma an shirya Branson zai shiga wata tafiya ta gaba ne, sai ga sanarwa cewa ran 11 ga Yuli zai tashi. Ya ce ba tsere ba ne. To, mun ji. Ya tashi, ya kai mil 53, ya sauko, aka yi ta kiɗa da tafi, duniya na kallo. Sai cikin Satumba wata mujallar Amurka, The New Yorker, ta fallasa cewa ana cikin hawa fitilar gargaɗi ta kama a gaban matuƙa, da fari rawaya sa'an nan ja, alamar kumbon ya kauce daga hanyar da za ta komo da shi fili. Kamfanin ya ce iskar can sama ce ta ture shi, matuƙa sun yi abin da ya kamata, ba wanda ya shiga hatsari. Mai yiwuwa haka ne. Amma ma'aikatar jiragen sama ta tabbatar kumbon ya fita daga iyakar da aka ba shi na minti ɗaya da daƙiƙa 41, kamfanin kuwa bai sanar da ita ba yadda doka ta ce, har ta hana shi tashi kusan wata guda. Masu kallo ba su ji kome ba ran nan. Kashegarin tafiyar kamfanin ya ba da sanarwar sayar da hannun jari na dala miliyan 500, cikin Agusta aka buɗe sayar da tikiti a kan dala 450,000. Ban ce an yi ƙarya ba. Cewa na yi, in lafiyar ciniki ta rataya a kan kyawun hoto, mai ɗauke da labari marar daɗi ya kan ji nauyin baki.

Masu kare Branson suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba ce. Su kan ce mutumin nan bai tura 'ya'yan wasu ya zauna gida ba, shi da kansa ya shiga, yana gab da cika shekara 71. Gaskiya ne, na kuwa yaba masa. Amma shigar mai kaya shaida ce cewa shi ya yarda da kayansa, ba ta wuce nan ba. Cikin Yuni 2023 wani ɗan jirgin ƙarƙashin teku mai suna Titan ya nutsa da mutum biyar zuwa kallon gawar Titanic, kujera dala 250,000. Ba wata hukumar da ta tantance shi, masana sun yi gargaɗi tun 2018, fasinja sun sa hannu a takarda. Mai kamfanin, Stockton Rush, shi ke tuƙi. Ruwa ya murƙushe jirgin da su duka. Ɗaya daga cikinsu, Hamish Harding, bai daɗe da dawowa daga sararin samaniya ba, ya je da rokan Blue Origin cikin 2022. Ba ina daidaita Branson da Rush ba ne, kamfanin Branson na da lasisi da ƙwararrun matuƙa, an kuma yi shekaru ana gwaji. Abin da ya haɗa su shi ne irin masu sayen, da irin takardar, da kuma wannan magana ta cewa ai mai gida ma yana ciki.

Hujja ta biyu ita ce, baligi mai hankali da kuɗinsa, in ya so ya sa ransa cikin kasada ina ruwan wani? Mutane na hawan dutsen Everest suna mutuwa, ba a rufe dutsen ba. Nan ma na yarda, ba na cikin masu cewa a hana. Sai dai mu dubi waɗanda suka mutu a wannan aiki zuwa yanzu. Ban da Alsbury akwai mutum uku. Cikin Yuli 2007, a filin nan na Mojave, ana gwada yadda iskar likitan haƙoran nan ke bi ta cikin injin roka, ba a ma kunna wuta ba, tanki ya fashe, ma'aikatan Scaled Composites uku suka mutu, uku suka ji rauni. Tarar da hukumar Kalifoniya ta ci kamfanin ba ta kai dala 30,000 ba, a lokacin da kujera ɗaya ke dala 200,000. Mutum huɗu ke nan, ba attajiri ko ɗaya a cikinsu, dukansu 'yan albashi ne.

Abin da ni ke so a yi ba mai yawa ba ne. A daina kiran abin yawon buɗe ido, a gaya wa mai saye ƙarara cewa cikin gwaji ya shiga, ya kuma biya don a gwada da shi. Duk wata tangarɗa da ta auku a buga ta a fili, kamar yadda aka yi da Comet, kada a jira ɗan jarida ya tono. Ranar tashi kuwa injiniya ya sa ta, ba mai talla ba. In wa'adin 2028 ya cika, majalisa ta bar shi ya cika. Shekara ashirin da ɗoriya ai jariri ya isa yaye. Akwai ma abin da za a fara da shi. Cikin Satumba 2022 rokan Blue Origin ya lalace minti ɗaya bayan tashi, ba mutane a ciki ran nan, sai wani ƙaramin roka ya fizge ɗakin fasinja ya gudu da shi, ya sauka da laima lafiya. Kumbon Virgin ba shi da irin wannan mafita. Ko ya kamata a tilasta ta ko bai kamata ba, tambaya ce da sufeto zai yi, fasinjan da ya zo da kuɗinsa yana ɗoki ba zai yi ta ba.

Shi kuwa sunan, ya ɗan sha jiki. Wani kamfanin nasa mai harba taurarin ɗan Adam, Virgin Orbit, ya karye cikin Afrilu 2023, wata uku bayan rokansa ya kasa kaiwa a harbin da aka yi daga Cornwall a nan Ingila. Virgin Galactic ta fara ɗaukar masu biya cikin Yuni 2023, shekara 16 bayan lokacin da aka alkawarta. A ƙarshen shekarar Branson ya gaya wa wata jarida ba zai ƙara zuba kuɗi a kamfanin ba, da ma ya riga ya sayar da hannun jarinsa na fiye da dala biliyan ɗaya. Cikin Yuni 2024, bayan tafiya bakwai ta ciniki, aka ajiye Unity, kamfanin ya ce zai ƙera sabon samfuri mai ɗaukar fasinja shida, wanda zai riƙa tashi a kai a kai. Sabon samfuri kuwa daga sifiri lissafin tafiyarsa ke farawa, tafiya 12 ɗin nan ta Unity ba a gadonta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abin da ke samun ƙashi da jinin mutum in ya daɗe a can sama.